Hoton da Shiri Ke Matsewa Nan Take: Yadda Za Ka Sa Burauza Ta Daina Sake Sauke Shi

Muddin hotunan shafinka suna zaune a folda, sabar tana miƙa su kai tsaye, ba ka da wata babbar damuwa. Manhajojin sabar irin su Apache da Nginx sukan yi maka hidimar da ba ka ma san ana yin ta ba. Su faɗa wa burauza irin fayil ɗin da nauyinsa, su liƙa masa ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe da wani ɗan hatimi, sannan idan burauzar ta dawo tana tambayar ko hoton ya canja, su ce mata ta yi amfani da wanda ke hannunta. Ranar da ka sa shirin kwamfuta a tsakani, hoton ya koma fitowa daga adireshi irin `/hoto.php?id=52&w=800`, ana rage faɗinsa ana matse shi lokacin da aka nema, duk wannan hidimar ta dawo wuyanka. Sabar ba ta san abin da shirinka ke fitarwa ba, don haka ba za ta yi masa shaida ba.

Asarar kuwa ta fuska biyu ce. Maziyarci yana ƙona datarsa wajen sauke hoton da ya riga ya sauke jiya, kai kuma injinka yana sake buɗe asalin hoton, ya rage, ya matse, ga kowane mutum a kowace ziyara. Ka matse hoto don ya yi sauƙi, sai ga shi shafin ya fi da nauyi.

Gyaran duk yana cikin kanun amsa, wato 'yan layukan da sabar ke turawa kafin hoton kansa, waɗanda masu rubuta shiri ke kira heda. Misalan nan da PHP na yi su, amma ƙa'idar ta HTTP ce, ba ruwanta da yaren da kake rubutu da shi.

Fara da duba abin da kake turawa yanzu

Kafin ka taɓa komai, ga wannan umarni na curl, manhajar da ake aika wa sabar buƙata da ita daga layin umarni:

```
curl -s -D - -o /dev/null "https://example.com/hoto.php?id=52&w=800"
```

Zai nuna maka kanun amsa ya zubar da hoton. Na fi son sa a kan `curl -I`, domin `-I` buƙatar HEAD yake aikawa, wadda ke neman kanu kaɗai, kuma akwai shirye-shiryen da ke amsa HEAD daban da yadda suke amsa GET, buƙatar da burauza ke neman hoton da ita.

Idan ka ga `Expires: Thu, 19 Nov 1981 08:52:00 GMT` tare da `Cache-Control: no-store, no-cache, must-revalidate`, ka kama ɓarawonka tun a ƙofa. PHP ce ke tura su da kanta duk lokacin da aka kira `session_start()`, mai buɗe seshin, wato abin da sabar ke tuna maziyarci da shi daga shafi zuwa shafi, in dai ba a canja `session.cache_limiter` ba. Sau da yawa ba kai ka kira shi a fayil ɗin hoton ba, wani fayil ɗin da kake jawowa a saman kowane shafi ne ya shigo maka da shi. Na taɓa kashe yini guda ina zargin burauza a kan wannan, ashe layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti. Hoton da kowa ke iya gani ba ya buƙatar seshin, ka cire shi. In hoton na masu shiga da kalmar sirri ne, dole sai da seshin, to ka kira `session_cache_limiter('')` kafin `session_start()`, ka rubuta kanun da hannunka.

Matsi iri biyu ne, kada ka cakuɗa su

Akwai matsin da ke cikin hoton kansa. JPEG, WebP da AVIF suna zubar da bayanan da ido ba ya lura da su, PNG kuma yana amfani da DEFLATE, wanda shi ne dai gzip ke amfani da shi. Akwai kuma matsin hanya, wanda sabar ke yi wa amsa da gzip ko Brotli, ta sanar da shi a `Content-Encoding`.

Ɗora na biyun a kan na farko wahalar banza ce. Abin da aka riga aka matse ba ya sake matsuwa, wani lokacin ma 'yan bayit yake ƙarawa. Sannan yana jawo matsala ta gaske: ka lissafa `Content-Length` da kanka, wani abu a gaba ya matse amsar bai gyara adadin ba, burauza ta tsaya jiran bayit ɗin da ba za su zo ba, ko ta nuna rabin hoto. Saboda haka ka kashe `zlib.output_compression` da `ob_gzhandler` a wannan shirin, ka kuma tabbatar nau'ukan hoto ba sa cikin jerin abin da sabar ke matsewa. SVG kuwa ya fita daga wannan hukuncin, domin rubutu ne zalla, gzip yana rage shi sosai.

Faɗa wa burauza abin da ka ba ta

`Content-Type` ya dace da abin da ka tura, ba da asalin fayil ɗin ba. In ka mayar da JPEG ya zama WebP, `image/webp` za ka rubuta. In ba ka rubuta komai ba, PHP za ta ce `text/html` ne. Burauza kan yi haƙuri ta nuna hoton a cikin shafi duk da haka, amma wanda ya buɗe adireshin kai tsaye sai ya ga tarkacen haruffa, sabar tsakiya kuma, wato wadda ke ajiye kwafi tsakanin sabarka da maziyarci, tana iya ɗaukar sa a matsayin shafi ta ƙi ajiyewa. Ka ƙara `X-Content-Type-Options: nosniff`, musamman in jama'a ne ke ɗora hotunan.

Wani ƙaramin abu mai cin rai: fili ɗaya ko layi ɗaya kafin `<?php`, ko saƙon gargaɗi da PHP ta buga, yana shiga gaban bayit ɗin hoton ya lalata shi. In hoto ya ƙi buɗewa alhali kanun daidai suke, sauke shi ka leƙa farkonsa.

Shawarar da ta fi komai: shin adireshin yana canjawa idan hoton ya canja?

A nan ya kamata ka daɗe, domin sauran duk a kansa suka rataya. Burauza tana ajiye hoto ne da sunan adireshinsa. Da zarar ka ce mata ta riƙe shi shekara guda, ba ka da hanyar kiran ta ka ce ka fasa. Maganar da ta fita ta fita.

Hanya ta farko, wadda nake ba da shawara a kanta duk inda ta yiwu, ita ce ka sa sigar hoton a cikin adireshin, kamar `/hoto/52/a91f3c/800.webp`, inda `a91f3c` ke canjawa duk lokacin da aka sauya asalin hoton. Tunda abin da ke wannan adireshin ba zai taɓa canjawa ba, sai ka ce:

```
Cache-Control: public, max-age=31536000, immutable
```

Sakan 31536000 kwana 365 ke nan. Cikin wannan lokacin burauza ba za ta ko tuntuɓi sabarka ba. `immutable`, wanda aka tsara a takardar ƙa'ida ta RFC 8246 a 2017, yana ƙara gaya mata cewa ko mutum ya sabunta shafi ba sai ta tambaya ba. Burauzar da ba ta san shi ba za ta tsallake shi ne kawai, ba ya cutarwa. Idan hoton ya canja, shafin HTML ne zai nuna sabon adireshi, tsohon ya mutu da kansa. Sharaɗin shi ne kada shafin HTML ɗin ya samu dogon wa'adi irin wannan.

Hanya ta biyu ta adireshin da ba ya canjawa ce, kamar hoton fuskar mai asusu da ke `/fuska.php?id=52`. A nan gajeren wa'adi za ka bayar, tare da hatimin da za a tabbatar da shi in wa'adin ya ƙare. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in an canja hoton, tsawon wane lokaci zan iya jure wa mutane suna ganin tsohon? In awa guda ce, `max-age=3600`. In yini ne, 86400. In sam ba za ka jure ba, `no-cache`.

Sunan `no-cache` yana yaudarar mutane. Ma'anarsa a ajiye, amma kada a yi amfani da shi sai an tambayi sabar. Mai hana ajiya gaba ɗaya shi ne `no-store`, kuma wurinsa hotuna ne irin na takardun shaida, waɗanda ba ka so su kwana a diskin kowa. Shi kuma `private` yana nufin burauzar mutumin kaɗai ce za ta ajiye, ban da CDN (jerin sabobin da ke ajiye kwafin fayilolinka kusa da maziyarta) da sauran sabobin tsakiya. Duk hoton da sai an duba izini kafin a nuna shi, `private` ne. In ka sa masa `public` bisa kuskure, CDN za ta iya miƙa hoton wani ga wani.

Yin shiru ma ba mafita ba ne. RFC 9111, ƙa'idar ajiya ta HTTP da ta fito a 2022, ta yarda burauza ta yi kintace idan ba ka faɗi wa'adi ba, kuma abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na lokacin da ya wuce tun `Last-Modified`. Hoton da aka taɓa kwana 100 da suka wuce ana iya riƙe shi kwana 10 ba tare da an tambaye ka ba. Gara ka faɗi naka. `Expires` kuwa tsohon yayi ne daga HTTP/1.0, in akwai `max-age` ba a kallon sa, ka bar shi.

Hatimi da amsar 304, kafin ka taɓa hoton

Ga yadda abin ke tafiya. Ka tura hoto da hatiminsa a cikin `ETag`. Wa'adi ya ƙare, burauza ta dawo da hatimin a cikin `If-None-Match`. In ya yi daidai da na yanzu, ka amsa 304, lambar da ke nufin bai canja ba, ba tare da hoto ba, ita kuma ta ci gaba da nata.

Kuskuren da na fi gani shi ne a sarrafa hoton tukuna, a lissafa hatimi daga sakamakon, sannan a amsa 304. An tausaya wa datar maziyarci, injin kuwa ya sha wahalarsa cif. Ka gina hatimin daga abubuwan da ka sani tun kafin aiki: wane hoto, yaushe aka canja shi, wane faɗi, wane nau'i, wane inganci.

```php
<?php
$id   = (int) ($_GET['id'] ?? 0);
$fadi = (int) ($_GET['w'] ?? 800);
if (!in_array($fadi, [320, 640, 800, 1280], true)) {
    $fadi = 800;
}

$asali = "/data/hotuna/$id.jpg";
if (!is_file($asali)) {
    http_response_code(404);
    header('Cache-Control: no-store');
    exit;
}

$accept  = $_SERVER['HTTP_ACCEPT'] ?? '';
$naui    = str_contains($accept, 'image/webp') ? 'webp' : 'jpeg';
$inganci = 80;

$suna = sha1("$id|" . filemtime($asali) . '|' . filesize($asali)
      . "|$fadi|$naui|$inganci|v1");

header('ETag: "' . $suna . '"');
header('Cache-Control: public, max-age=86400');
header('Vary: Accept');

if (str_contains($_SERVER['HTTP_IF_NONE_MATCH'] ?? '', $suna)) {
    http_response_code(304);
    exit;
}
```

Akwai dalili a bayan kowane abu a nan. Alamun zance biyun da ke kewaye da hatimin wajibi ne a ƙa'ida. Na yi amfani da `str_contains`, wanda ya zo da PHP 8, maimakon gwada daidaito kai tsaye, saboda hatimin ba ya dawowa kullum yadda ka tura shi. Nginx kan sa masa `W/` a gaba idan ya matse amsa, `mod_deflate` na Apache kan liƙa masa `-gzip` a ƙarshe, kuma burauza na iya turo hatimi fiye da ɗaya. Wanda ya gwada da `===` zai zauna yana mamakin me ya sa 304 ba ta taɓa fita ba.

`v1` ɗin nan naka ne. Ranar da ka canja laburaren sarrafa hoto ko yadda kake yanka shi, ka mayar da shi `v2`, duk hatiman su sabunta lokaci guda. Ka kuma lura na tura `ETag`, `Cache-Control` da `Vary` kafin in yanke hukunci, domin ƙa'ida ta ce amsar 304 ta ɗauko su kamar yadda 200, amsar nasara mai ɗauke da hoton, za ta yi. Da su ne burauza ke sabunta wa'adin hoton da ke hannunta.

In sabarka ta wuce ɗaya, kada ka dogara da `filemtime`, don lokacin fayil kan bambanta daga inji zuwa inji, hatimi ya riƙa tsalle. Ka lissafa hatimin asalin hoton sau ɗaya ranar da aka ɗora shi, ka adana a rumbun bayanai.

`Last-Modified` za ka iya ƙarawa in kana so, da `gmdate('D, d M Y H:i:s', $lokaci) . ' GMT'`. Sai dai bai san faɗi ko inganci ba, bai kuma gane abin da ya gaza sakan ɗaya ba. In burauza ta dawo da hatimin da ranar duka biyun, `If-None-Match` ake bi.

Kada 304 ta ruɗe ka ka ɗauka kyauta ce. Shafi mai hotuna 40 buƙatu 40 ne za su je su dawo, ko da ba a sauke komai ba, kuma a kan intanet mai jinkiri ana jin su. Shi ya sa na fifita siga a cikin adireshi.

Adireshi ɗaya, nau'i biyu: aikin Vary

Google ta fitar da WebP a 2010, amma Safari bai karɓe shi ba sai a siga ta 14 a 2020. AVIF ya shiga Chrome 85 a 2020, Firefox 93 a 2021. Har yau akwai tsofaffin na'urori da manhajojin da JPEG da PNG kaɗai suka sani. Burauza tana faɗin abin da take iya buɗewa a `Accept`. Ga na Chrome idan yana neman hoto:

```
Accept: image/avif,image/webp,image/apng,image/svg+xml,image/*,*/*;q=0.8
```

Ka nemi sunan nau'in ƙarara. `image/*` da `*/*` ba alkawari ba ne, kusan kowa yana tura su.

Tunda amsarka ta dogara da `Accept`, dole ka ce `Vary: Accept`, a kan kowace amsa, har da ta JPEG. In ba haka ba, mai sabuwar burauza ya fara zuwa, sabar tsakiya ta ajiye WebP, mai tsohuwa ya zo a miƙa masa abin da ba zai iya buɗewa ba. Matsalar ita ce ba kowace CDN ce ke mutunta `Vary: Accept` ba sai an saita ta, wadda ke mutuntawa kuma tana iya ajiye kwafi daban ga kowane salon rubutun `Accept`. Ka karanta takardun taka kafin ka dogara da ita. `Vary: User-Agent` kuwa ka guje shi, salonsa ba ya ƙirguwa, ajiyar sai ta tashi a banza.

Ni dai in ina da iko da HTML ɗin, nakan kauce wa rigimar gaba ɗaya:

```html
<picture>
  <source srcset="/hoto/52/a91f3c/800.avif" type="image/avif">
  <source srcset="/hoto/52/a91f3c/800.webp" type="image/webp">
  <img src="/hoto/52/a91f3c/800.jpg" width="800" height="533" alt="">
</picture>
```

Kowane nau'i da adireshinsa, burauza ta zaɓi wanda ta iya, babu buƙatar `Vary`.

Ajiye sakamakon a wajenka ma

Ma'ajiyar burauza mutum ɗaya take yi wa aiki. Baƙo na gaba zai zo hannu rabbana, kuma bai kamata a sake matse masa hoton daga farko ba, balle AVIF da ke cin lokaci wajen haɗawa.

```php
$ajiya = "/data/ajiya/$suna.$naui";
if (!is_file($ajiya)) {
    $wucin = $ajiya . '.' . getmypid() . '.tmp';
    if (!sarrafa_hoto($asali, $wucin, $fadi, $naui, $inganci)) {
        header_remove('ETag');
        header('Cache-Control: no-store');
        http_response_code(500);
        exit;
    }
    rename($wucin, $ajiya);
}
header('Content-Type: image/' . $naui);
header('Content-Length: ' . filesize($ajiya));
header('X-Content-Type-Options: nosniff');
readfile($ajiya);
```

`sarrafa_hoto` kai za ka rubuta shi, da laburaren hoto na GD ko na Imagick. Rubutawa a fayil na wucin gadi sannan a canja masa suna yana hana wani ya karanta rabin hoto yayin da ake kan rubuta shi, ya kuma ajiye wannan rabin har wa'adi ya ƙare. Ƙayyade faɗin zuwa guda huɗu da na yi a sama shi ma kariya ce: in ka bar `w` a sake, mutum ɗaya zai iya neman 801, 802, 803 har diskinka ya cika. A kan Nginx za ka iya maye gurbin `readfile` da `X-Accel-Redirect`, sabar ta tura fayil ɗin da kanta, PHP ta huta. In ka bi wannan hanyar, ka sake duba kanun da curl, domin ba duk abin da shirinka ya rubuta ne ke tsallakewa ba.

Dubi abin da na yi a wurin kuskure. Dogon wa'adi na nasara ne kaɗai. Mafi muni shi ne shirin da in ya gaza sai ya tura hoton "babu hoto" da lamba 200 da wa'adin shekara. Ka gyara matsalar cikin minti biyar, wasu su shekara suna kallon fanko.

Gwaji

Ɗauki hatimin da curl ya nuna maka, ka mayar masa:

```
curl -s -D - -o /dev/null -H 'If-None-Match: "hatimin-nan"' \
  -H 'Accept: image/webp' "https://example.com/hoto.php?id=52&w=800"
```

Ka tabbatar `Accept` ɗin da ka karɓi hatimin da shi ne ka sake turawa, tunda nau'i yana cikin lissafin. Ya kamata ka ga 304. Canja asalin hoton ka sake, ya kamata ka ga 200 da sabon hatimi. Cire `Accept` ɗin, ka ga ko JPEG ya fito.

A burauza, buɗe kayan aikin masu gina shafi da F12, ka shiga sashen Network, ka tabbatar ba a kunna Disable cache ba, don mutane da yawa sun sha wahalar neman matsalar da su da kansu suka kunna. Kada ka gwada da Ctrl+Shift+R, wannan umarni ne na a yi watsi da ma'ajiya. Ka shiga wani shafi ta mahaɗi, ka dawo ta mahaɗi, kamar yadda maziyarci ke yi. A Chrome, wurin nauyin hoton zai nuna daga ma'ajiyar diski ko ta ƙwaƙwalwa ya fito. In akwai CDN a gabanka, duba `Age`: adadin sakan ɗin da hoton ya yi a hannunta ne, in kullum babu shi ko sifili ne, ba ta ajiyewa. Sau da yawa `Set-Cookie` ne da ya maƙale a amsar hoton yake hana ta.

In kuwa ka riga ka saki hoto mara kyau da wa'adin shekara, share ma'ajiyar CDN zai taimaki sababbin baƙi ne kawai. Waɗanda ke da shi a burauzarsu sai ka canja adireshin a cikin HTML, ko da ƙara `&v=2` ne a ƙarshensa, sannan za su sauke gyararren.